Waɗanda Ba Su Ɗauki Waya Ba

Ɗinki shida ne a goshina yanzu da nake rubuta muku wannan, kuma da hannun hagu nake dannawa don na daman ya kumbura. In kun ga maganata tana tsalle ku yi mini uzuri. Masu damuna da saƙo kuna tambayar labarin Dakta, an sa rana ko ba a sa ba, ku gyara zama.

Ga waɗanda yau suka fara karantawa: ni ce auta a gidanmu, ina aiki a ofishin fayil na wani asibitin ƙashi mai zaman kansa. Aikina kiran waya. Duk wanda aka yi wa tiyatar baya, in ya cika wata uku sai in kira shi in yi masa tambayoyi goma: ciwo ya ragu, yana iya tafiya, ya gamsu da aikin, zai turo ɗan'uwansa. Wanda ke yin tiyatar shi ne Dakta, mai asibitin, kuma shi ne wanda wata takwas ke nan yana ajiye farar motarsa a ƙofar gidanmu duk Asabar. Umma ta riga ta gama ɗaura auren a zuciyarta. Yayana kuwa in ya ce "surukinmu" har wani buɗe kafaɗa yake yi. Ni kaina, kar in yi muku ƙarya, ina sonsa. Mutum ne mai tsafta da sanyin murya, in ya turo saƙon safe sai in karanta sau uku kafin in saka ɗan kunne.

Ga kuma Abba. Shekara talatin yana tuƙin babbar mota, bayansa ya gaji, tun bara ƙafarsa ta hagu take mutuwa tana farfaɗowa. Dakta ya duba hoton bayan, ya ce zai yi masa aikin da kansa ranar Alhamis.

Ranar Litinin na saka doguwar rigata ruwan toka da farin mayafi, na shiga ofis ƙarfe takwas. Teburina yana bayan wani gilashi mai taga, daidai ƙarƙashin babban allon da aka kafa a zauren jira. Hoton Dakta ne a jiki yana murmushi, an rubuta da manyan baƙaƙe: kashi casa'in da shida cikin ɗari na majinyatanmu sun gamsu. Duk wanda ya shigo da tsoro sai ya ɗaga kai ya karanta, ka ga numfashinsa ya sauka.

Wajen goma da rabi na ji maigadi ya yi wata ƙara. Ina ɗagowa na gan shi a ƙasa riƙe da gwiwa, wani mutum dogo da rigar aiki mai ƙunar walda ya tsallake shi, hannunsa da sandar ƙarfe. Bai kalli kowa ba. Kai tsaye ya nufi allon, ya rafka masa sandar a fuskar hoton. Mata suka kwashi yara suka yi waje, wani tsoho mai sanda ya faɗi tsakanin kujeru. Mutumin ya ci gaba da dukan allon har ya ɓallo, sannan ya juyo ya ganni.

"Ke ce mai kiran waya?"

Na miƙe daga kujera. Ya ɗaga sandar ya sauke a gilashin tagata. Ban ji zafi ba da farko, ɗumi kawai na ji yana gangarowa cikin idona, farin mayafina ya fara rinewa. Ya zuro kansa ta wurin da ya fashe har ina jin warin hayaƙin ƙarfe a jikinsa.

"Kin kira ni. Na ce miki matata kashi da fitsari duk a kwance take yi. Kika ce in ba ki lamba daga ɗaya zuwa biyar. Na zage ki na kashe waya. A ina kika saka ta a cikin casa'in da shidan nan?"

Masu gadi uku suka danne shi ta baya. Sun doke shi fiye da yadda ya kamata, ina ji ina gani, wani yana taka masa wuya da takalmi, shi kuma yana ci gaba da kallona, bakinsa na jini. Har aka ja shi waje bai daina tambayar ba.

Dakta ne ya ɗinke ni da hannunsa. Yana ɗinki yana lallashina, wai mahaukaci ne, irinsu kowane asibiti yana gamuwa da su, ya riga ya kira 'yan sanda. Ya ce in huta kwana biyu a gida. Na ce to. Amma kafin in fita na koma teburina, na karkaɗe gilashi daga kan kwamfuta, na nemo sunan matar. Na tuna kiran sarai, wata huɗu da suka wuce. A gaban sunanta, da hannuna, na danna akwatin da ake dannawa kullum: ba a amsa ba.

Bari in faɗa muku yadda tsarin yake, don ni ma sai ranar na kalle shi da ido biyu. Sau biyu ake kira, a lokacin aiki. In ba a ɗauka ba, ko an ɗauka ba a kai ƙarshen tambayoyin ba, sai in danna wannan akwati, kwamfuta ta ture sunan gefe, ba ya shiga lissafi. To wa ke ɗaukar wayar asibiti da fara'a ya zauna ya amsa tambaya goma? Wanda ya warke. Shi ne ma yake dawowa da ƙafarsa ya gaishe da nas-nas, a miƙa masa fom ya cike yana sa albarka. Wanda ke kwance yana juyi, ko wanda ya koma wani asibiti da fushi, ko wanda aka binne, ba ya cike fom. Na buɗe lissafin shekara biyu. Mutum ɗari uku da goma sha biyu aka yi wa aiki. Ɗari da ashirin ne suka amsa, a cikinsu ɗari da goma sha biyar suka ce sun gamsu. Sauran ɗari da casa'in da biyu ba wanda ya san halin da suke ciki. Na buga sunayensu a takarda, na naɗe na tura cikin jaka ƙarƙashin mayafin da ya ɓaci.

Talata Umma ta shimfiɗa mini katifa a ɗakinta, ta kawo shayi da burodi, tana ta tsine wa mai waldan. Da ta fita kasuwa na jawo wayata na fara kira, wannan karon da lambata, kuma ban ce daga asibiti nake ba sai an saki jiki da ni. Yini guda na yi ina wannan har dare. Mutum sittin na kira, talatin da ɗaya suka ɗauka. Sha biyu lafiyarsu ƙalau, wani ma yana kan babur ya ce aiki ne ya hana shi ɗauka a da. Sha huɗu suna nan yadda suke ko sun fi da muni. Biyar sun rasu, ban san ko aikin ne ko ajali ne kawai ba, 'yan'uwansu ma ba su sani ba. Wata mata da na kira ta ce tun da aka sallami mijinta ni ce mutum ta farko daga asibitin da ta tambaye ta yaya yake, sai ta fashe da kuka, na yi ta ba ta haƙuri kamar ni na riƙe wuƙar.

Laraba da hantsi na ce wa Umma zan je a duba ɗinki, na hau mota na nemi gidan mai walda da adireshin da ke fayil. Ɗaki biyu ne a bayan wata rumfar aiki da aka rufe da kwaɗo. Ƙanwarsa ce ta buɗe mini, da ta ji daga inda nake sai ta cakumi wuyan rigata ta buga ni da ƙyaure har ɗinkina ya motsa. Daga ciki wata murya ta ce a sake ni.

Matar ba ta kai talatin da biyar ba. Tana kwance a kan katifar da aka lulluɓe da leda, robar fitsari tana rataye a ƙusa, ɗakin yana warin magani da abin da magani bai iya rufewa ba. Keken ɗinkinta yana kusurwa an yafa masa zane. Ta ce da ƙafarta ta shiga asibitin, ciwon ƙugu ne kawai ya hana ta taka keke. Ta ce ita ba ta ce Dakta mugu ba ne, an gaya mata a kan samu irin haka. Abin da ya tsaya mata shi ne da ta ji tsoro ranar sa hannu, mijinta ya nuna mata allon ya ce ta karanta da kanta. Shi ne yake ganin shi ya tura ta. Ta tambaye ni ko zan iya sa baki 'yan sanda su sake shi, don shi kaɗai ke iya ɗaga ta a juya ta, kuma bayanta ya fara gyambo.

Ina fitowa saƙon Dakta ya shigo: "Gimbiya, ya goshin? Zan biyo da la'asar in duba ki, in kuma yi wa Abba bayanin gobe." Har da ɗan hoton zuciya. Na tsaya a bakin titi ina kallon saƙon. Na rubuta masa cewa kar ya shiga gida, ya tsaya a kwanar layinmu ina son magana.

Ya zo da farar riga mai guga, motar tana ƙamshin turarensa da na saba so. Na shiga na zauna, na miƙa masa takardun ba tare da gaisuwa ba. Ya karanta shafi na farko, ya duba na biyu, murmushin ya tafi a hankali. Da farko da sanyi ya yi magana. Ya ce haka kowa yake lissafi, ba a ƙirga wanda bai yi magana ba. Ya ce tiyatar baya ba gyaran famfo ba ce, wani zai tashi wani ba zai tashi ba, kuma shi bai taɓa rubuta lambar ƙarya ba. Na ce lambar gaskiya ce amma ta mutum ɗari da ashirin ce, allon kuma cewa yake majinyatanmu. Na ce ya sauke shi, mu nemi sauran, mu san gaskiya kafin a taɓa Abba.

"Wa ya ba ki izinin fitar da sunayen majinyata?"

"Wa ya ba ka izinin mantawa da su?"

Ban san lokacin da ya kama hannuna ba. Ya murɗe shi baya har na ji wani abu ya yi ƙara a wuyan hannun, wayata ta faɗo kan cinyata. Ya ɗauke ta, ya ga jerin kiran da na yi, ya buga ta da gaban motar sau biyu, sannan ya wurga ta ta taga. Idanunsa sun kaɗa, jijiyar wuyansa ta tashi. Hannun nan da Umma take cewa Allah ya yi masa albarka, shi ne yake matse ƙashina. Ya ce shekara goma sha biyar ya yi yana gina sunansa, yarinyar da ya ɗauka aiki don tausayi ba za ta rushe shi ba. Sai kuma ya sake ni kamar wanda ya farka, ya dafe sitiyari, ya ce a hankali in ba a yi wa Abba aikin nan ba, kafin shekara ta zagayo ƙafar za ta tafi gaba ɗaya, kuma wannan ba barazana ba ce, hoton ne ya nuna. Na tattara takarduna da hannu ɗaya na fita. Na tsinci wayar a kwata, fuskarta ta tarwatse amma tana kawo wuta.

A gida na tarar ana shiri. Umma ta goge wa Abba kaya kala uku ta jera a jaka, da sabon tawul da silifas. Yaya yana falo yana waya da dangi yana sanar da su lokaci. Abba yana kwance a doguwar kujera an tokare masa ƙafa da matashi. Na tsaya a tsakiyar falon na ce a ɗaga aikin gobe, a kai hoton wani asibiti a ji ta bakin wani likita.

Umma ta ajiye dutsen guga. Na fara bayani, ina kawo lissafin, ina ba da labarin matar mai keken ɗinki, Yaya ya katse wayarsa ya miƙe. Ashe Dakta ya riga ni. Ya kira Yaya ya ce bugun da na sha a kai ya taɓa ni, na saci takardun asibiti, ina bin gidajen mutane. Yaya ya ce in ba shi takardun. Na ƙi. Ya fizgi jakar, igiyarta ta tsinke, na riƙe gefe ɗaya, sai ya ɗauke ni da mari. Na faɗa kan teburin tsakiya, kofunan shayi suka watse, ɗinkina ya buɗe jini ya sake zubowa. Umma ta shiga tsakani tana dukan ƙirjinsa, amma da ta juyo kaina ni ta fara yi wa faɗa. Ta ce mutum ya zo da mutuncinsa zai ɗaga ubana ya kuma rufa mini asiri, ni kuma na zaɓi in bi bayan ɗan ta'addan da ya kusa cire mini ido. Ta ce in na kashe wannan aure in nemi wata uwar.

Da Yaya ya fara yayyaga takardun ne Abba ya buga sandarsa a ƙasa sau ɗaya. Ya ce a miƙo masa abin da ya rage. Shafi biyu ne da rabi. Ya sa tabarau ya daɗe yana kallo, ya ninke ya saka a aljihun rigarsa, ya ce kowa ya je ya yi salla. Na ɗauka zai kira ni daga baya. Bai kira ni ba.

Da safe na farka na ga jakar ba ta nan, takalman Abba ba sa bakin ƙofa. Sun tafi tun ƙarfe shida ba su tashe ni ba. Ko wanka ban yi ba, na zura baƙar abaya a kan kayan barci, na ɗaure goshina da ɗankwali na fita. A ƙofar asibiti sabon maigadi ya tare ni, ya ce an ba shi umarni kar in shiga. Na ce mahaifina ne a ciki. Ya sa hannu ya tura ni baya, ni kuma na cije shi a damtse iya ƙarfina, na kutsa ta ƙarƙashin hannunsa na ruga. A zauren jira har an kafa sabon allo, da murmushin da lambar duk yadda suke.

Na same su a ƙofar ɗakin tiyata. Abba yana kan gadon turawa cikin koriyar rigar asibiti, an sa masa ruwa a hannu, ya ƙanƙance kamar ba shi ne mutumin da ke ɗaga tayar babbar mota shi kaɗai ba. Umma tana riƙe da hularsa. Yaya ya taso zai tare ni, Abba ya ɗaga yatsa ɗaya, sai Yaya ya tsaya. Wata nas tana tsaye da takardar amincewa da biro, ta ce tun ɗazu Baba ya ƙi sa hannu, wai sai ya ga likita.

Dakta ya fito da hular tiyata, ya ganni, ya kau da kai. Ya sunkuya ya gaishe da Abba cikin ladabi, ya ce komai ya kammala.

"Likita, tambaya ɗaya gare ni," in ji Abba. "Ni direba ne. In aka ce mini hanya lafiya, nakan tambayi wanda ya faɗa ko ya ƙirga motocin da ba su iso ba. Cikin duk waɗanda ka yi wa aikin nan, har da waɗanda ba su ɗauki waya ba, nawa ne suka tashi?"

Dakta ya buɗe baki, na ga ya ɗauko lambar allon, ta zo har leɓensa. Ya kalli hannuna da ya kumbura. Ya kalli nas ɗin, wadda ta sunkuyar da kai.

"Ban sani ba, Baba," ya ce.

Umma ta dafe bango. Yaya ya ce me ke nan. Dakta ya ƙara da cewa abin da ya sani shi ne hoton bayan Abba, kuma in aka bar shi ƙafar ba za ta jira ba. Wannan karon muryarsa ba ta da ado ko kaɗan, shi ya sa ma ta fi ba ni tsoro, don na gane a nan ba ƙarya yake ba.

Abba ya gyaɗa kai. Ya karɓi biron daga hannun nas, ya juya shi, sannan ya miƙo mini ta kan ƙarfen gadon.

"Auta, ke kika ji muryarsu, masu daɗi da marasa daɗi. Ni ban ji ba. In kin ce a shiga, ki riƙe mini takardar in sa hannu. In kin ce a fasa, ki ɗauko mini takalmana."

Na karɓi biron da hannun hagu. Takalman suna cikin jaka a ƙafar Umma, takardar tana hannun nas, kowa a wurin yana kallon bakina, har da mutumin da jiya ya murɗe mini hannu. Na mayar wa nas bironta, na sunkuya na ɗauko wa Abba takalmansa.